Keke Mai Ƙafa Uku a Rumfar Bakanike: Alhakin Jira a Wuyan Wa?

Jama'a masu sauraro, iyayenmu da 'yan'uwanmu na Gesheme da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Tibiri da Dumega da Kore Mairuwa, har zuwa Dogon Dutsi da Matankari, da kuma dangi na tsallaken iyaka wajen Kangiwa, in muryar nan ta kai gare ku. 

Mas'alar da za mu duba a yau ta shafi wani abin hawa wanda, ko da yake kakanninmu ba su san shi ba, iyayenmu ma da girmansu suka gan shi, ya shiga sha'anin zamanmu har ya zama kasuwa ba ta cika sai da shi, wato babur mai ƙafa uku, ko na ɗaukar mutane da ake ce wa adaidaita, ko na ɗaukar kaya mai akwatin ƙarfe a baya, wanda wasu ke kira dogon baro. Shi ke fito da rake da rogo da dankali daga fadamun dallol zuwa bakin kwalta, shi ke kai buhunan gero da wake kasuwa bayan kaka, shi ke jigilar bulo da jarkokin ruwa, kuma sau da yawa, idan naƙuda ta yi tsanani da tsakar dare a ƙauyen da mota ba ta shiga, a cikinsa ake shimfiɗa tabarma a kai mace gidan likita. Abin da ya kai wannan matsayi, ranar da ya tsaya, gidaje da yawa ne ke tsayawa tare da shi. Muna so mu binciki dalilin da ya sa gyaran da hannun bakanike zai iya gamawa tsakanin hantsi da la'asar yakan ci makonni, wani lokaci watanni, mu kuma tambayi inda kamfanin da ya ƙera abin yake a duk tsawon wannan jira.

Duk wanda ya bi ta rumfar masu gyara a garuruwanmu ya san siffar al'amarin. Za ka tarar an ɗaga bayan keke an ɗora a kan guntayen bulo ƙarƙashin bedi, an sauke inji an buɗe cikinsa, an zuba notuna da ƙananan ƙarafa a tsohon kwano da ɗan fetur an rufe da tsumma. A makon farko mai shi yana zuwa safe da yamma, a na biyu yana aiko yaro, a na uku kuwa ƙura ta rufe kujera, tayar gaba ta sace, kaji sun mai da ƙarƙashin akwati wurin shan inuwa. In ka tambayi bakanike, sai ya ce, "Kaya ne ba su iso ba, Alhaji." In ka tambayi mai kayan gyara, ya ce ya aika Sakkwato, na Sakkwato ya ce sai an duba Kano, a Kano kuma a ce irin wannan sai dai Nnewi, can ƙasar Ibo, inda babbar kasuwar kayan babura take. Da yake fuskar bakanike kaɗai mai keke ke gani, a kansa yakan sauke fushinsa duka. A ganina kuwa, bakanike yana da nasa rabon laifi, kuma za mu zo kansa, amma mafi yawan wannan jira an riga an rubuta shi tun ranar ciniki, lokacin da aka ƙirga kuɗi aka karɓi makulli, ba a tambayi kome ba sai farashi.

Don a fahimci haka, wajibi ne a san inda abin ya fito. Asalin irin keken ɗaukar mutanen da muke gani a nan daga Italiya yake, inda kamfanin Piaggio ya fitar da ƙaramar motarsa mai ƙafa uku, Ape, a 1948. Daga nan sana'ar ta ƙaura zuwa Indiya, inda kamfanin Bajaj ya fara ƙera irinta wajen 1960, daga baya TVS ya shigo fagen, har ya zama yau yawancin adaidaitan da ke yawo a ƙasar Hausa daga hannun waɗannan biyu suka fito. A Najeriya ya fara bayyana a Legas zamanin gwamna Buba Marwa, sa'an nan shirin yaƙi da talauci na NAPEP, wanda gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001, ya watsa shi ko'ina. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo shi don sufurin mata, kuma da aka hana acaba a birnin a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, sai ya mamaye tituna. Wannan yawa shi ya jawo manyan wakilai, kamar kamfanin Simba da ke riƙe da TVS a Najeriya, suka buɗe wuraren haɗawa da rumbunan kayan gyara, gama ɗan kasuwa ba ya gina rumbu sai inda ya ga masu saye.

Na ɗaukar kaya kuwa, wanda shi ya fi yawa a karkararmu, labarinsa dabam ne. Galibinsa daga ƙasar Sin yake, musamman birnin Chongqing da makamantansa, inda masana'antu masu yawa ke ƙera injuna masu kama da juna, waɗanda da yawansu a kan fasalin wani tsohon injin Honda na shekarun 1970 aka gina su. Ɗan kasuwa yana iya zuwa can ya yi odar kwantena, ya zaɓi inji daga wannan masana'anta, akwati daga waccan, ya sa a buga masa sunan da ya ga dama a jikin tanki; a kawo su a wargaje cikin akwatuna, samari su haɗa su a bayan kanti. Akwai sunaye tsayayyu masu wakilai a ƙasashen yammacin Afirka, akwai kuma waɗanda bana ka gan su, baɗi ka neme su ka rasa.

Malamanmu na hadisi ba su karɓar magana sai sun san isnadinta, wane ya ji daga wane, har a kai ga tushe, kuma in mutum ɗaya ya ɓace a tsakiyar silsila sai su ce ta yanke. Haka al'amarin inji yake. Tsakanin masana'anta da mai keke a Gesheme akwai mai shigo da kaya, akwai wakili na ƙasa, akwai dillali na gari, akwai bakaniken da wakili ya horar ya kuma amince da shi. Idan silsilar nan ta cika, kukan mai keke yana da hanyar da zai bi har ya kai kunnen wanda ya ƙera, idan kuwa ta yanke, to, kamfani bai ma san an sayar da kekensa a Arewa ba, balle ya san ya lalace.

A nan ne batun takardar garanti ke shigowa, wadda mutane da yawa ke ɗauka alƙawari ne na cewa duk abin da ya sami keke kamfani zai gyara, alhali kuwa alƙawari ne mai sharuɗɗa masu ƙunci. Bisa al'adar kamfanoni, garanti yana da wa'adi na watanni ko na kilomita, duk wanda ya riga cika. Ba ya ɗaukar abin da ke cinyewa da aiki, kamar taya da fulogi da takalmin birki da farantin kuloci da ƙwan fitila, waɗanda su ne suka fi lalacewa. Yana sharɗanta a riƙa kai keke wurin gyaran da kamfani ya yarda da shi, a canza baƙin mai a kan lokaci, a buga hatimi a littafi. Yana faɗuwa idan aka yi lodi fiye da ƙima ko aka sāke wa keke fasali. Kuma galibi ba ya aiki sai a ƙasar da aka sayar da abin. Yanzu a dubi halin mutuminmu: ya tsallaka ya sayo keke a Birnin Kabi ko Sakkwato don ya fi sauƙi da naira, ya biya duwan, ya kawo shi gida, tun kafin ya fara aiki ya kai wa mai walda ya ƙara wa akwati tsawo ya ƙara sifirin, wurin gyaran da kamfani ya sani kuwa yana nesa da shi da tafiyar yini. Ashe takardarsa ta mutu tun ba a ninke ta ba, in ma an ba shi ita. Ba zan ce kamfani ya yi ƙarya ba, gama sharuɗɗan a rubuce suke. Amma zan ce wanda ya rubuta sharaɗin da ya san mutumin karkara ba zai iya cikawa ba, da harshen da ya san ba ya karantawa, sa'an nan ya bar dillali yana yabon garanti a bakin kanti, bai cika abin da mu muke kira amana ba.

Sai kuma hanya. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku, kuma shekara da shekaru hanyar Kwatano zuwa Gaya zuwa Doso ce babbar ƙofar kayanmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO ta sa takunkumi aka rufe iyakoki. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris na 2024, amma gadar Gaya da Malanville ta ci gaba da zama a rufe, manyan motoci suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Kafin wannan ma, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Ɗan ƙaramin ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, in babu shi a rumbu, sai ya yi fiye da wata a teku, ya jira a tashar jirgi, ya jira ayari, ya sauka Yamai, kafin a sa shi a motar Dutsi. Faɗuwar naira tun daga Yunin 2023 ta ƙara dagula lissafi, domin mai kanti a Sakkwato da ya ga farashi yana sākewa kowane mako ba zai zuba jarinsa a kan abin da sai sau ɗaya a shekara ake nema ba. Fulogi da ringi da igiyar kuloci za ka same su a kowace kasuwa; haƙoran giya, da farfela, da abin da ke cikin aksul na baya, waɗannan su ke kwantar da keke.

Akwai wata illa kuma da ta fi nisan hanya cin rai, ita ce kamar da ba ta zama daidai ba. Bakanike ya ɗauki hoton abin da ya karye da wayarsa, ya aika ta WhatsApp, mai kanti ya duba ya ce akwai, a tura kuɗi, a jira ranar kasuwa direba ya kawo. A kwance takarda, a gwada, sai a tarar haƙoransa sun fi na asali da ɗaya, ko raminsa ya fi faɗi da kaurin farce. Sunan da ke jikin tanki ɗaya ne, amma kwantenar bara da ta bana ba daga masana'anta ɗaya suka fito ba. Sai a mayar, a sāke jira, kuɗin mota kuma a wuyan mai keke. Maganin wannan ba shi da tsada: lambar inji da lambar shasi, waɗanda aka buga a jikin ƙarfe, su ake aikawa tare da hoto, kuma in da hali a ba direba tsohon abin ya tafi da shi a gwada a gaban mai kanti.

To, mu zo kan bakanike, kuma ina roƙon gafarar masu sana'ar da ke sauraro, gama na san akwai masu tsoron Allah a cikinsu da yawa, waɗanda da 'yan sifanu da basira suke tayar da abin da injiniya zai ce a zubar. Amma sananne ne cewa wasu suna karɓar kuɗin kaya su biya wata buƙata da su, sa'an nan su ce kaya ba su iso ba. Wasu suna karɓar aiki goma alhali hannu biyu gare su. Mafi muni kuma, wasu suna cire abu daga keken da ke jira su sa wa na wanda ya fi matsa musu, har ya zama keken da ya shigo da ciwo ɗaya ya fita da uku. Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya sun yi magana a kan wannan tun da daɗewa, a babin lamunin masu sana'a, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo asalin hukuncin: mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, abin da aka damƙa masa ya keɓe da shi yana cikin lamuninsa, in ya salwanta shi zai biya, sai fa in an sami bayyina cewa ba da sakacinsa ba ne. Malamai sun gina wannan a kan maslaha, domin in ba haka ba dukiyar mutane za ta tozarta a hannun waɗanda ba makawa sai an kai musu ita. Saboda haka ranar da za a kai keke, a tsaya a gaban shaida a ƙirga abin da ke jikinsa, batir da fitilu da madubi da taya, a faɗi ranar karɓa, a kuma ce duk abin da aka cire a ajiye wa mai shi. Bakanike mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, gama shi ma kariya ce gare shi.

Shari'a ba ta bar mai sayarwa ba shi ma. Ɓoye aibi da algus haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi wanda ba a bayyana masa ba yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa, bisa tafsilin da malamai suka yi. Dokar ƙasa ma, wadda muka gada daga kundin Faransa, ta ɗora wa mai sayarwa lamunin aibin da ke ɓoye, kuma a 2015 Nijar ta kafa dokar kare haƙƙin masu saye. Waɗansu ƙasashe sun wuce nan: a Amurka, tun daga jihar Connecticut a 1982, jihohi sun yi dokokin da ke tilasta wa kamfani ya musanya sabuwar mota ko ya mai da kuɗi idan ta daɗe a wurin gyara ko an kāsa gyara ta bayan ƙoƙari da yawa, wato sun ƙirga jiran kansa a matsayin cuta. Mu a nan, abin da ke kashe haƙƙi tun kafin a je gaban alƙali ko sarki shi ne rashin hujja. Mutum ya ba da dukiyar da ya tara daga kakar shekaru, ko ya sayar da shanun huɗa, ya karɓi makulli ba rasit, ba sunan kanti, ba lambar inji a rubuce. In rigima ta tashi, da me zai tsaya?

Wanda ya fi kowa shan wuyar jiran nan kuwa sau da yawa ba sunansa ke kan takarda ba. Yaron da ke tuƙi ne, wanda aka ba keke bisa sharaɗin ya riƙa kawo wani adadi kowace yamma, ko kowane mako har ya biya kuɗin ya mallaka. Keke yana kan bulo, shi ba ya samun na cefane, amma wani mai keken yana ci gaba da ƙirga masa kwanaki a matsayin bashi. Asalin ijara a fiƙihu musayar kuɗi ce da amfani, kuma idan amfanin ya yanke ba da ta'adin mai haya ba, babu fuskar da za a ci kuɗin kwanakin da abin bai motsa ba. Sūrar kowace yarjejeniya dabam ce, saboda haka a kai wa malamin gari ya duba. Amma abin da ya fi shi ne a warware wannan tun ranar ƙulla magana, a rubuta wanda zai ɗauki ƙaramin gyara, da wanda zai ɗauki babba, da hukuncin kwanakin da keke ya kwana a rumfa.

Kada kuma masu keke su ce mun wanke su. Injin da aka yi don ya ja kaya daidai gwargwado, an ɗora masa buhuna har akwati ya duƙa, mutane sun hau saman buhuna, an shiga rairayin dallol ana murza mai ana rabin kuloci har ƙauri ya tashi. Matatar iska ba a buɗe ta ba tun farkon hunturu, alhali ƙurar da ta wuce ta kai tsaye take shiga tana cin fiston. Baƙin mai sai ya koma kamar kwalta ake tunawa da shi. Fetur na kwalba ne, ba a ko tace shi da ƙyalle ba. Da yawa daga kekunan da ke kan bulo, in an bi sanadi, nan za a tarar da shi, kuma wannan ba ruwan Indiya ko Sin.

Ga wanda ke shirin saye bayan kakar bana, shawarata ita ce ya fara da rumfar bakanike kafin kantin dillali. Ya tambayi masu gyara biyu ko uku wane iri ne kayansa ke samuwa a Dutsi ko Doso ba sai an aika nesa ba, wane iri ne suka san cikinsa, wane ne kuma ya fi kwana a wurinsu. Ya zaɓi irin da ya riga ya yawaita a yankinsa ko da ya fi tsada, gama araha ba ta ado, kuma baƙon iri, kome kyansa, shi kaɗai zai yi jinya. In ya je kanti, ya ce a nuna masa haƙoran giya da farfela na wannan keke a kan kanta, ya gani da idonsa, kada a ce masa suna hanya. Ya tambayi sunan wakilin da ke sama da dillali da garin da yake, ya sa a karanta masa sharuɗɗan garanti da Hausa, ya karɓi rasit mai lambar inji da ta shasi da hatimin kanti.

Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba kuma, jama'a tana iyawa. Masu keke a gari ɗaya, in sun daidaita a kan iri ɗaya ko biyu, suna iya yin asusu kamar adashi, su sayo waɗannan manyan kaya masu wuyar samu su ajiye a hannun amintacce, wanda ya ɗauka ya biya a mayar da gurbinsa. Suna iya ɗaukar nauyin yaro ɗaya mai hazaƙa ya je Kano ko Yamai ya koyi aikin irin nasu a wurin wakili. Dillalin da ba ya sauraron mutum ɗaya mai keke ɗaya zai saurari ƙungiya mai keke talatin da ta ce ba za ta ƙara sayen irinsa ba sai ya ajiye kayan gyara a Dogon Dutsi. Ya kamata kuma a riƙe littafi, a rubuta kowane keke da ya tsaya, da abin da ya karye, da ranar da aka yi oda, da ranar da kaya suka iso, domin ranar da za a zauna da wakilin kamfani ko hukumar kasuwanci ta Doso, wannan littafi za a buɗe a gabansu.